Ranar da Na Ɗaga wa Ta-Bene Hanci

Ni na fara gani. A rubuta wannan a sama kafin komai, domin yanzu kowa a layinmu ya zama mai hangen nesa, har da mai wankin mota da bai san gabas ba. Da waɗannan idanun nawa da ake cewa sun mutu na gane matar nan tana sona, tun ita kanta ba ta gama shawara da zuciyarta ba. Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau tsani ba zai hango shi ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa labarin nan: ni ne mai gyaran keken ɗinki na bakin kwana. Ban yi makaranta ba, ban kuma taɓa jin kunyar faɗi ba. Baki nake bayarwa, maƙwabcina mai shagon caji yana danna muku a waya, na kuma gargaɗe shi, in ya rage min kalma ɗaya mu haɗu a gaban Allah. Mota ta taɓa kifewa da mu, ni na fito da ƙafafuna na janyo direba. Ambaliya ta ci unguwarmu ta farko, na hau rufi rungume da kan keke, don na mutane ne. Likitoci sun tsaga cikina sun ɗinke, da na farfaɗo na shafa ɗinkin na ce musu zarensu ya yi sako-sako. Na binne matata, na binne abokan da muka fara sana'a tare. To mutumin da ya ga wannan duka, wai kafar allura ce za ta kayar da shi?

Ita kuwa mai ɗinki ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗakin aikinta yana saman shagon fenti, shi ya sa nake ce mata Ta-Bene. In ka hau da yamma, rana na shigowa ta wata faffaɗar taga, ta ratsa farin labule, sai ka ga burbushin zare yana yawo a cikin hasken kamar ba ya son sauka. Ƙamshin yadi mai ɗumin guga, almakashi a kan tebur, tef a wuyanta, awarwaro guda a hannun dama da ke bugun wilin keke, ƙil, ƙil, duk lokacin da ta tayar da shi. Keken nata baƙi ne mai zanen ruwan zinariya, irin na dā, wanda ko daga benen ka wurgo shi ƙasa zai tashi ya ci gaba da ɗinki.

Amma wai kullum ba shi da lafiya.

Saƙon murya take turo min, tunda ta san ni da rubutu sai kallo:

"Mai gyara, barka da aiki. Keken nan ya sake tsinka zare. In ka samu sarari. Ba gaggawa."

Sai in hau. Ina ɗora babban yatsana a kan notin da ke danne zare sai in ji shi a matse tam, ga kuma santsin allin awo a jikinsa. Jama'a, keke ba ya murɗa kansa, kuma ba ya riƙe alli. Ruwa ba ya tsami banza. Aikin da numfashi ɗaya ya ishe shi sai in buɗe jaka, in baje sukudireba, in ciro ƙoshiya in hura, in ɗiga mai, in girgiza kai in ce, "Lallai wannan ya jigata." Ita kuma ta ce, "Ai na faɗa maka," ta ɗora ruwan shayi.

Ƙa'idata tun ina yaro, ba na barin keke sai na zura zare da hannuna, na taka layi guda a kan ƙyalle, na miƙa wa mai shi. A nan ne tsufa ya yi min kwanton ɓauna. Na nesa ina ganinsa, ko ba tas ba. Na kusa kuwa ya fara narkewa. Waya sai na miƙe hannu har ya ƙare. Allura sai da lalube, ina jan dogon labari don kada a lura. Ita kanta Ta-Bene, daga bakin ƙofa ina ganinta, doguwar riga ruwan toka, mayafi ruwan hoda. Tana matsowa da kofi sai fuskarta ta zama kamar wata a cikin kwanon ruwa, haske ne kawai yana rawa. Ban ɓoye muku ba, abin yana min daɗi. Nakan koma gida da wannan watan a kaina, in yi ta shirya masa hanci da ido yadda na ga dama.

Babbar 'yata ce ta ɓata lissafin. Uwata nake ce mata, don sunan mahaifiyata gare ta, halin ma ta kwaso. Ta shigo ɗakina wata safiya ta tarar na ɗaga kai zan ɗiga maganin ido, ashe kwalbar man keke ce a hannuna.

"Baba!" Ta fizge. "Shi ke nan. Wallahi shi ke nan. Ka dawo gidana."

"Kwalaben ne suka yi kama, Uwata."

"Ɗakin baya na nan, da banɗaki a ciki, da fanka. Ka rufe shagon nan ka huta."

"Hutu na matattu ne. Zan sa tabarau."

"Tabarau zai dafa maka abinci? In ka faɗi a tsakar ɗaki shi zai ɗaga ka? Ko dai a samu mutum a gidan nan, ko ka taho wurina. Asabar ɗin ƙarshen wata mota za ta zo."

Gidanta yana can ɗaya ƙarshen gari, bayan wani ƙaton get mai maigadi. Wanda ya shiga can, shi da hawa benen saman shagon fenti sai a mafarki. Na ce a raina, tsoho, bakin nan naka da ya cika layi da surutu, lokaci ya yi da zai faɗi magana ɗaya mai amfani.

Ta kai ni wurin likitar ido, wata 'yar siririya da ba ta kai autata ba. Ta haska allo ta ce in karanta. Na ce, "'Yata, ko da idon shaho kika ba ni, waɗannan ba su san ni ba, ban san su ba." Ta yi dariya ta canza allon, sai ga wani abu kamar cokali mai yatsu uku, wani ya kalli sama, wani ya kwanta. Ta ce in nuna da hannu inda ya dosa. Ta ɗora min wani ƙarfe a hanci tana sauya gilasai. "Wannan, ko wannan?" Duniya ta matso, ta ja baya, ta sake matsowa, kamar mai jin kunya.

Tabarau mai hawa biyu aka yanka min. Sama na nesa, ƙasa na kusa.

"Baba, sai ka yi haƙuri da shi 'yan kwanaki kafin ido ya saba. In za ka hau mataki, sunkuyar da haɓa ka duba ta sama. In abu na kusa ne, ta ƙasan za ka duba."

Na ce, "Ni da na tsira daga ambaliya, gilashi ne zai koya min tafiya?"

Ya koya min kuwa. Ina fita ƙasa ta kumbura ta taso. Bakin kwalbati ya matso inda ba ya nan. Na riƙa ɗaga ƙafa kamar shamuwa a fadama, mai wankin mota yana ihu, "Baba, ruwa ake yi ne?" Na ce masa, "Ubanka ake yi." Amma da na zauna a shago na ɗauki allura, Allahu Akbar! Kafar nan da ta shekara tana min ɓuya, ga ta a buɗe kamar ƙofar zaure. Na ga zanen tafin hannuna. Na ga ƙurar da ke kan hoton marigayiya, na goge, na ce mata, "Kin ga mijinki ya zama malami." Abu ɗaya ne ban lura ba. Duk sa'ad da zan duba na kusa, haɓata ce ke tashi sama da kanta. Ba mai madubi a shagon gyaran keke, wa zai gaya min?

Ana haka saƙo ya shigo. "Mai gyara, ya sake. In ka samu sarari."

Na sa farar rigata mai aljihu biyu, wadda na kai guga na musamman. Na goge takalmi, na shafa turare har mai caji ya yi atishawa. Na hau matakan nan haɓa a ƙirji, hannu a bango, kamar mai neman abin da ya yar.

"A'a! Yau kuma da baƙo aka zo mana?" in ji ta, tana nuna tabarau.

"Yara ne suka matsa. Ni ba abin da ya sami idona."

Na sassauta notin, na yi 'yan dabaruna, na zura zare bugu ɗaya ba lalube. Na taka layi miƙaƙƙe kamar titin jirgi. Ta kawo shayi. Maimakon ta koma kujerarta ta bakin taga, sai ta jawo ɗan benci ta zauna kusa. Muryarta ta yi ƙasa.

"An ce 'yarka za ta ɗauke ka. Gaskiya ne?" Ta ɗan murza awarwaronta. "To mu kuma keken namu fa?"

Masu karatu, ga ƙofa an buɗe min har bango. Maganar tana kan harshena, na kwana biyu ina wasa ta. Sai zuciya ta ce, dakata, ka fara ganin fuskar da za ka faɗa wa. Na duba ta saman gilashi, wata ne a ruwa. Sai na ɗaga haɓa. Na ƙara ɗagawa. Ta faɗo cikin ɗan gurbin nan na ƙasa, tar.

Ban taɓa ganinta ba sai ranar. Kwalli siriri. Wata 'yar tawadar Allah a gefen hanci. Furfura 'yar kaɗan ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali kamar zaren azurfa. A gefen idanunta wasu layuka ƙanana, jere, irin ɗinkin hannun da ba a samun mai yinsa yanzu. Duk abin da na shirya mata a kaina bai kama ƙafar wannan ba. Gurbin gilashin ƙarami ne, ba ya ɗaukar fuska gaba ɗaya, sai na riƙa bin ta a hankali, daga goshi zuwa haɓa, daga haɓa zuwa goshi. Burbushin zaren nan ya tsaya cak a cikin haske. Na manta da harshe, na manta da Asabar, na manta an yi min tambaya.

Ƙarar ajiye kofi ce ta dawo da ni.

"Ka gama?"

"Na'am?"

"Na ce ka gama ƙare min kallon? Ina tambayarka magana, ka ɗaga min hanci kana min kallon hadarin kaji, sama da ƙasa. An saya maka gilashi ka gano tsohuwa ce, ko?" Ta miƙe ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. "Allah ya huta gajiya, mai gyara. A sauka lafiya."

Ni da na yi wa likitoci gyaran ɗinki a kan gadon asibiti, wallahi sai na kwashi jakata na sauko sumui-sumui.

Waya ta yi shiru. Na tura murya, na ga 'yar alamar nan ta canza launi, alamar an saurara, ba amsa. Na sake turawa, na goge, don na ji muryata kamar ta mai roƙo. Uwata ta fara kawo kwalaye tana jerawa a bayan ƙofa. Sai mai wankin mota, wanda bakinsa ba ya riƙe ruwa, ya ce ya ga kan kekenta a bayan babur, an nufi wurin wani mai gyara na bakin kasuwa. Wannan ta fi tsagar ciki zafi.

Na koma wurin likita na dangwara mata tabarau a tebur.

"Karɓi kayanki. Ya raba ni da mutum."

Da na ba ta labari ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Yi haƙuri Baba. Akwai wani ɗan gilashi da ake mannawa a ƙwayar ido, ba a ganinsa, ba ɗaga haɓa. Amma yana son haƙuri da tsabtar hannu."

Ta kawo shi a ɗan ruwa, kamar ɓawon kifi. Ku dubi yatsuna, duk kanta, kamar saiwar bishiya. Na wanke su har suka yi fari. Idon da ya kalli mutuwa bai ƙifta ba, da ya hango yatsa na zuwa sai ya rufe gam. Mu yi, ya faɗo kan kunci. Mu yi, ya manne a gira. Da ƙyar suka zauna. Ta ce in wuce gida kai tsaye, kada in murza, kada in daɗe da su ranar farko, ta tura min tabarau a aljihu ko da za a buƙata.

Gida? Babur na tare, na ce a kai ni shagon fenti. Iska ta yi ta dukan fuskata, na murza idon dama, na ji ɓawon ya tafi abinsa. Na hagu kuma ya gusa ya shige wani lungu yana yanka ta kamar tsakuwa. Kafin in kai saman bene hawaye ya jiƙa min gemu har wuyan riga.

Ta buɗe ƙofa. Almakashin hannunta ya faɗi.

"Innalillahi! Wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"To kukan me kake yi? Shigo, zauna. Zauna mana!"

Muryar nan ta yi laushi irin wanda ban taɓa ji ba. Shaiɗan ya raɗa min, tsoho, yi shiru, bar ta ta ɗauka don ita ne, kasuwa ta yi kyau. Amma a ce a layi an ga na yi kuka? Ni?

"Ba kuka ba ne. Abu ne a idona."

Ta kawo ruwa da sabulu, ta riƙe min madubin da masu gwada kaya ke dubawa, tana ba ni umarni kamar mai koya wa yaro ɗinki. "Hagu. A'a, hagunka. Dubi sama. Kai, a hankali, ido ne ba noti ba!" Har ya fito ya zauna a kan yatsana, yana ƙyalli kamar raɓa.

"Wannan ɓawon ka zuba a idonka? Da girmanka? Saboda me?"

"Saboda kada in sake ɗaga miki hanci." Na zaro tabarau na miƙa mata. "Ni ba zan yi rantsuwa ba. Sa wannan, ki zura min zare a keken nan."

Ta harare ni, ta harari tabarau, sannan ta sa. Ta sunkuya kan allura yadda ta saba.

"Ni ba na ganin komai. Hazo ne."

"Ɗaga haɓa."

Ta ɗaga.

"Ƙara."

Ta ƙara. Sai na ji ta ja numfashi. "Kai! Ashe haka kafar take da faɗi?" Zare ya wuce sumul. Ta ce ita ma ta daɗe tana fama, da sassafe take zura alluran hannu a bakin taga ta soke su a labule, don in rana ta juya ba ta iyawa. Tana cikin faɗi ta juyo gare ni, hancin nan a sama, tana bin fuskata daga goshi zuwa gemu.

Na ce, "To, ranki ya daɗe, yanzu wa ke yi wa wani kallon hadarin kaji?"

Ta tsaya. Sai dariya ta ƙwace mata, ta kifa kai a kan keke, awarwaro na ta bugun ƙarfe. Da ta ɗago tana share ido ta ce, "Na kai shi wurin na bakin kasuwa, wai ba abin da ya same shi. Bai san aiki ba."

"Bai san aiki ba," na ce.

Ta sake ɗaga haɓa. Wannan karon ba dariya. Ta daɗe tana dubana, ni kuma ba gilashi ba ɓawo, ba na ganin komai sai haskenta da na taga sun haɗe. Ban ji tsoro a cikin mota ba, ban ji a kan rufi ba. A kan ɗan bencin nan na ji shi.

"Me kika gani?"

"Gashi a kunne. Ido kamar garwashi. Wanda kuma ya ɗinka maka maɓallin nan bai ji tsoron Allah ba."

"Ni na ɗinka."

"Na sani."

Na miƙa hannu in karɓi tabarau. Ta gyara masa zama a hancinta, ta jawo wani yadi ruwan ganye ta sa a ƙarƙashin allura.

"Ina da aikin da zan ƙarasa. Ka zo jibi ka karɓa." Ta taka feda, sannan ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ka taho da 'yar taka. Ina da magana da ita. Da ita, ba da kai ba."

Ban san yadda na sauko ba. Titi ya zama kamar an zuba masa madara, fitilun motoci sun yi fure, mutane na wucewa ba gefe ba baki, kowa na min kama da ɗan'uwa. Har mai wankin mota na yi wa sallama.

Jibi Juma'a. Mota kuma Asabar. Da na gaya wa Uwata a waya sai ta ce, "Baba, me ka yi wa matar mutane? Kada fa ƙararka za ta kawo." Wannan mai cajin da ke danna muku ma yanzu ya ɗago yana murmushi, wai tabarau ta samu na banza, wai in shirya kwalayena.

To ku saurara, shi da duk mai irin tunaninsa a cikinku. Shagona ba ɓoyayye ba ne, yana bakin kwana. Ku zo ranar Asabar da hantsi, ku zo da kujerunku. In motar nan ta ɗauki ko cokalina guda, ga gemuna, a aske shi a tsakiyar titi, a busasshe, ba ruwa ba sabulu. In kuwa ta koma wayam, duk wanda ya yi musu sai ya ɗauki kan keken Ta-Bene a kansa, ya biyo ni da shi a ƙafa har inda zan ce a ajiye. Mai ƙarfin hali ya rubuta sunansa a ƙasa, za a karanta min.